Gero a Rami na Huɗu

Jiya a teburin mai shayi na unguwarmu Nombakélé wani daga cikinku ya ce wai ni sana'ata aske ciyawa, don masu hali su ji daɗin buga ƙwallo mai kama da ƙwan zabo. Kuka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Ban tanka ba, don shayina yana hucewa. To amma kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ku zauna in gaya muku abin da ke cikin aikin, in kun ji sai ku ci gaba da dariyarku.

Filin golf ɗin da nake aiki ƙarami ne, can bayan gari, rami tara kawai gare shi. Masu zuwa yawanci tsofaffin ma'aikata ne da likitoci da 'yan kasuwa, kowa ya san kowa. Wasan kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne: mutum ya bugo ƙwallo da sanda daga nesa, ya bi ta, ya sake bugawa, har ya jefa ta rami. Kewaye da kowane rami akwai wani fili kamar babban tsakar gida, inda ake aske ciyawa ƙasa-ƙasa har ƙwallo ta riƙa mirginawa kamar a kan faranti. Masu wasa suna ce masa girin, mu ma'aikata muna ce masa darduma. Waɗannan darduma tara su ne aikina, kuma su ne kulob ɗin gaba ɗaya. In sun mutu, sauran filin makiyaya ce kawai.

Ranar da na fara aiki, sabon zuwa daga ƙauyenmu na wajen Ɗambatta, aka haɗa ni da wani dattijo siriri, Baba Illa, mutumin ƙasar Dakwaro a Nijar. Gari bai gama wayewa ba ya miƙo mini wata doguwar gora mai lanƙwasa, ya nuna darduma ta farko da haɓa.

"Isiyaku, amshi wagga gora ka share raɓa."

"Baba, raɓa?"

"Raɓa. Kurma kake?"

Na ɗauka irin wasan da ake yi wa baƙo ne. Ni da na tashi inda ake fita roƙon ruwa, yau a ce in kori raɓa? Sai ya durƙusa, ya kira ni, ya nuna mini wani farin abu kamar saƙar gizo a kan ganyen ciyawar. Ya ce a garin nan na kurmi ruwa ba baƙo ba ne, maigida ne, kuma in ka bar shi ya wuni a kan ganye, wannan farin abin zai ci ciyawar har ta zama tabo ja-ja kamar faifai. Ana kaɗa gorar ne a kwance, daga dama zuwa hagu, tana lasar saman ciyawa ba tare da ta daki ƙasa ba. Kafin in gama darduma uku kafaɗuna sun yi tsami, shi kuwa yana biye da ni yana nuna inda na tsallake. Damina guda cur ban taɓa wani kayan aiki ba sai gorar nan da manjagarar gyara wuraren yashin da ke gefen darduma.

Da na duba ciyawar da kyau kuma sai dariya ta kama ni. Ƙiri-ƙiri ce, ko 'yar uwarta mai laushin ganye. Abin da ubana ya ƙare rayuwarsa yana tonewa daga gona yana ƙonawa, shi ne a nan ake lallaɓawa kamar jariri. Na faɗa wa Baba Illa. Ya ce shi ma ya yi wannan dariyar, ya gama ta tun kafin a haife ni, in ɗauki gorata.

Aski na farko da aka bar ni na yi, darduma ta shida ce, kuma sai da Bulus ya amince. Bulus makanikenmu ne, Kirista mutumin Jos, Hausarsa ta fi ta wasunku. Shi ke wasa wuƙaƙen injin, kuma gwajinsa ɗaya ne: ya sa takardar jarida tsakanin wuƙa da wuƙa, ya juya da hannu. In ta yanke tsaf, injin ya fita. In ta tauna, ko shugaban kulob ne ya zo ba za a fita da shi ba, don wuƙa mai dakushi yaga ganye take yi, bakin ganyen ya bushe, cuta ta shiga ta nan. Kana tafiya da injin a miƙe, ka ɗaga shi a bakin darduma, ka juyo, ka jera sabon layi a gefen na farko. Yau daga gabas, gobe daga arewa, don kada ciyawa ta saba kwanciya gefe ɗaya. Kuma ba a cire mata da yawa a tashi guda. In ka bar ta ta yi tsawo sannan ka zo ka aske ta ƙasa, ka kai ga farin jikinta, rana ta ƙona shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai yankan rami. Ba a barin rami wuri ɗaya, don ƙafafu za su kashe kewayensa. Akwai wani ƙarfe mai hannu biyu, bakinsa kamar babban gwangwanin madara mai kaifi. Ka kafa shi a tsaye, ka murɗa, ka zaro, ya fito da curin ƙasa da ciyawarta da saiwarta ba abin da ya karye. Wannan curin shi za ka kai ka toshe tsohon ramin da shi. A nan ake gane gwani. In ya ɗan taso, injin zai aske kansa ya mutu. In ya ɗan nutse, ƙwallo za ta yi tsalle a kansa. Baba Illa rufe ido yake yi ya shafa wurin da tafin hannu, in ya ji inda aka haɗa sai ka sake. Na sha sake ɗaya har hannuna ya yi kanta, ina zaginsa a zuci, Allah ya yafe mini.

Masu wasa kuma nasu karatun daban. Abin da ya fi ba Bahaushe wuya shi ne hana shi gaisuwa. Ka ga babban mutum, bakinka yana ƙaiƙayi ka ce ina kwana, ina gajiya, amma in ya sunkuya kan ƙwallo dole ka zama kututture. Ba tari, ba motsi, ko inuwarka kada ta gitta tsakaninsa da rami. Akwai wata Madam Odet, mai kantin magani, ita ke fara zuwa kullum tun ƙasa da sanyi. Ba ta taɓa yaba mana ba, amma in akwai tudu kamar ƙwayar wake a hanyar ƙwallonta, za ta tsaya ta dube shi, ta dube mu, ta kaɗa kai. Wannan kaɗa kan ya fi mini zagi ciwo. A hankali na gane cewa a aikinmu, ranar da mai wasa bai dubi ƙasa ba, ranar ka ci jarrabawa.

Haka muka yi ta yi har na zama shugaban ma'aikata, Baba Illa ya tsufa, amma ban taɓa wuce gabansa a kan darduma ba. Sai shekarar annoba ta zo, wadda aka kulle gari. Shugaban kulob, Mushe Ndong, wato Malam Ndong a bakin masu Faransanci, wani tsohon ma'aikacin gwamnati, ya tara mu a gaban rumfar kayan aiki, hancinsa a rufe da ƙyalle. Ya ce an rufe ƙofa, kowa ya koma gida, bai san ranar buɗewa ba. Sannan ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya. Ya ce in ranar buɗewa dardumomin nan suna da rai, kulob yana da rai, kowa zai koma aikinsa. In sun mutu, ba mai ƙarfin dasa sababbi, kuma akwai masu gine-gine da suka daɗe suna leƙen filin. Gidaje da yawa suna ci daga ciyawar nan, nawa na ciki.

Mu uku muka tsaya. Baba Illa ya kwaso tabarmarsa daga unguwar Sotega ya tare a rumfar. Ni da Bulus, Mushe ya samo mana izinin wucewa, muna takowa a ƙafa don taksi ya ɗauke, jandarmomi suna tare mu a hanya suna sakinmu. Man injin ya ƙare, Bulus ya tono wani tsohon injin hannu daga ƙarƙashin tarkace ya gyara shi. Injin ɗaya, darduma tara, ga tsakiyar ruwa, ga azumi ya kama. Kullum ka share raɓa, ka tura injin har numfashinka ya riƙa fita da ƙara, ka waiwaya ka ga wadda ka aske shekaranjiya tana yi maka dariya.

Takin kanti ma ya ƙare, darduma ta huɗu ta fara yin rawaya. Ni da Baba manoma ne, sai muka yi hankalin manoma. Wani ɗan garin su Baba mai sayar da raguna a unguwar Lalala ya ba mu sharar turkensa a buhuna. Muka shanya, muka daka, muka tankaɗe da rariya, muka gauraya da yashi, muka barbaɗa a kan ta huɗu. In an zuba yashi ba a sa injin sai ya nutse, don yana cinye kaifin wuƙa, saboda haka muka bar ta muka koma kan sauran. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, ragunan nan da buhunan gero aka zo da su daga arewa, ana watsa musu, suna zubarwa. Ƙwayar gero kuwa ba ta fi ƙarfin idon rariya ba.

Da safen da za a aske ta, Baba ne ya tura injin zuwa can. Na jima ban ji ƙararsa ba, sai na bi sawu. Na same shi a durƙushe a tsakiyar darduma, injin yana gefe. Ciyawar ta yi kore shar, taki ya yi aiki, amma ko'ina a cikinta wasu tsirrai ne tsaye kamar allurai, tsawon ɗan yatsa, ganyensu ya fi na ƙiri-ƙiri faɗi. Ban buƙaci a gaya mini ba. Gero ne, ko da yake rabona da ganin tsironsa tun ina saurayi.

"Isiyaku," in ji shi, bai ɗago ba. "Hatsi na. Hatsi ya biyo mu har nan."

"Na gani, Baba. Sai dai a aske."

"Mi ka ce?"

"Baba, darduma ce. In ba a aske yau ba..."

"Ba ni sa wuƙa bisa jaririn hatsi. Kai ma ba ka sawa ina raye."

Na ce a raina gajiya ce da azumi ke damun Baba, gobe zai sauko. Gobe ta yi, ya share raɓar ta huɗu da hannunsa, yana kewaye tsirran da gora, ya wuce da injin zuwa ta biyar. Jibi ma haka. Gero kuwa ya sami taki da ruwan da bai taɓa mafarki ba, yana tashi kamar ana jan sa. Ciyawar da ke ƙarƙashinsa ta yi tsawo ta yi laushi, iska ba ta ratsa ta, kuma a gefen yamma na ga farar saƙar gizon nan ta fara shimfiɗa. Abin da na gaya muku ɗazu ke nan: kowace safiya da ta wuce, askin yana ƙara zama yankan rai. Na san in aka ƙara 'yan kwanaki, ko mun aske ko mun bari, ta huɗu ta tafi, kuma cutar za ta bi ƙafafunmu zuwa sauran.

Ni ne shugaba. Ina iya ɗaukar injin in wuce, cikin ɗan lokaci an gama. Bulus ma ya ce da ni, "Oga, kai ne mai wuƙa da nama. Ka yi abin da ya kamata, tsoho zai yi fushi ya huce." Amma mutumin da ya koya mini riƙon gora, in tura injin ta gabansa bayan ya ce ina raye? Na ji tsoro ƙwarai, tsoron rasa filin da tsoron rasa tsohon, kuma ban san wanda ya fi ba.

Na same shi a bakin darduma bayan azahar, na durƙusa. Kafin in yi magana ya riga ni.

"Kai yaro ne, ba ka ga shekarar yunwar da ta koro ni ba. Gidan tururuwa munka tona, ni da uwata, muna tsintar ƙwayar wanga abu ɗaya-ɗaya. Yau ya zo da ƙafarsa, in yanke shi don ciyawar da ko jaki ba a bari ya ci?"

"Baba, ciyawar nan ita ta sayi hatsin da kake aikawa gida duk shekara. Ita ce gonarmu yanzu."

Na ga bai musa ba, amma bai sauko ba. Ina kallon tsirran, yadda suka fito cunkus-cunkus wuri guda, sai na tuna gonar ubana.

"Baba, a garinku in shuka ta fito da yawa a rami, barin ta kuke yi duka?"

"A'a. Ana ragewa, a bar masu ƙarfi."

"Da wuƙa?"

"Da hannu, kai ma ka sani."

"In wuri bai dace da ita ba fa?"

Ya juyo ya dube ni. "A yi dashe."

Na tashi na je rumfa na ɗauko ƙarfen yankan rami na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ɗan banza," ya miƙe ya naɗe hannun riga.

Aikin da muka yi ke nan, kuma a duk shekaruna ban yi wanda ya fi shi wuya ba. Baba yana gaba a kan gwiwa yana zaɓe, wannan a bari, wannan a cire. Ƙananan muna tsuge su da yatsu a hankali don kada saiwarsu ta ɗago ciyawa, muna tarawa a buhu, daga baya aka mayar wa ragunan Lalala abinsu. Masu ƙarfin kuma in kafa ƙarfe a kansu, in murɗa, in zaro su da ƙasarsu. Bulus ya kwashe a baro ya kai bayan rumfa, inda Baba ya yi kunya uku da fartanya. Kowane ramin da na bari sai na yanko curin lafiyayyar ciyawa daga wurin da muke renon ciyawa na toshe, na daidaita, na shafa. Bakinmu a bushe, gwiwoyinmu sun saluɓe. Bulus da ba ya azumi ya daina shan ruwa a gabanmu, na ce masa ya sha abinsa, ya ce in kula da ramina. Da muka gama, darduma ta huɗu ta zama kamar rigar mahaukaci, faci a kan faci.

Baba ya bi facin nan ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, da tafin hannu. Ya sa na sake wasu, ban yi gardama ba. Sannan ya je ya kama injin da kansa. Ya sa Bulus ya ɗaga wuƙar sama, ya cire kan ganyen kawai, washegari aka sauke kaɗan, aka bi ta a hankali har ta dawo tsayinta. Gefen yamma da cutar ta taɓa muka huda shi da cokalin ƙarfe, muka cika da yashi, muka hana shi wuni da raɓa. Ta yi jinya, amma ta tashi.

Lokacin da aka buɗe ƙofa ruwa ya ɗauke, an shiga ranin nan namu mai sanyi da lumshi. Mushe Ndong ya zaga duka tara a ƙafa, ya dawo ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce a kira sauran ma'aikata su dawo. Na ji daɗi, amma ni ba shi nake jira ba. Washegari da sassafe ga Madam Odet. Muka bi ta daga nesa, ni da Baba, kamar muna gyaran yashi. A ta huɗu ƙwallonta ta tsaya can gefen yamma, kuma tsakaninta da rami duk facinmu ne. Ta sunkuya, muka zama kututture. Ta taɓa ƙwallon, ta mirgina, ta bi ta kan wuraren da na san kowannensu da gwiwata, ba ta yi tsalle ba, ba ta kauce ba, ta faɗa rami. Madam ta sa hannu ta ɗauki abinta ta wuce ta biyar.

Baba ya matso kunnena. "Ba ta dubi ƙasa ba."

Wallahi ko sarauta aka ba ni ranar ba zan ji abin da na ji ba.

Geron bayan rumfa kuwa ya fi ni tsawo, ya fitar da kai. Tsuntsaye sun ci rabonsu, danshi ya ɓata wasu, amma mun yanki 'yan zangarniya masu kyau. Da hanya ta buɗe Baba ya ce ƙafarsa ta gaji, zai koma gida. Ya raba zangarniyar biyu, ya naɗe rabi a cikin rawaninsa ya sa a jaka, ya miƙo mini rabi tare da gorarsa. Ya rasu a garinsu, Allah ya jiƙansa. Ni kuma duk shekara in ruwa ya kusa ɗaukewa sai na shuka kunya ukun nan, kuma kunun da kuke sha a ƙofar gidana ranar farko ta azumi, akwai tafi guda na wannan geron a ciki.

To, wanda ya ce aski ne kawai, gorar Baba tana jingine a bayan rumfa. Ya zo gobe bayan asuba in nuna masa raɓa. In ya zo ɗauka, ya duba inda yake sa ƙafa, kada ya taka mini gero.